Ranar Talata ina da intabiyu a Abuja, don Allah ku ba ni shawara

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A Zariya nake zaune, na gama bautar ƙasa bara, tun lokacin nake ta tura CV ko'ina shiru, sai jiya wani kamfanin rarraba magunguna a Abuja suka turo min saƙo wai in zo ranar Talata ƙarfe tara na safe, aikin akanta ne. Damuwata ni mutum ne mai kunya, in ina gaban manya kaina a ƙasa yake, murya ma ba ta fita sosai. Sannan kwat zan sa ko kaftani ya isa? In kuma suka tambayi albashi nawa nake so me zan ce?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa a dace. Ni nakan zauna a kwamitin ɗaukar ma'aikata a wurin aikinmu, kuma wallahi kunyar nan ita ke kayar da yaranmu masu ƙoƙari. A gida tarbiyya ce ka sunkuyar da kai gaban babba, amma wanda ke zaune bayan teburin nan wataƙila daga Legas ko Inugu ya taso, in ya ga kana kallon takalminka sai ya ɗauka ba ka san amsar ba ne ko wani abu kake ɓoyewa. Ba wai ka ƙura masa ido ba, a'a, ka dubi wanda ya yi tambayar ka amsa, kana cikin magana ka ɗan waiwayi sauran. Kusan kullum da "faɗa mana kai waye" ake buɗewa, to kar ka fara da an haife ni a unguwa kaza, ka fara da abin da ka karanta, inda ka yi bautar ƙasa, da aikin da hannunka ya taɓa, in ka riƙe lissafin shago a Excel ko ka haɗa takardar albashi ka faɗa ƙarara, wannan ba fariya ba ce. Daga yau ka samu aboki ya dinga jefo maka tambayoyi da Turanci kana amsawa da ƙarfi.

Anti Larai:
Ɗana kar ka kuskura ka taso daga Zariya ran Talatar, ka je tun Litinin ka kwana. In a Mararaba ko Nyanya za ka sauka to kana sallar asuba ka fito, cunkoson safe na hanyar nan ba ya jin uzuri. Takardar digiri, ta NYSC, WAEC ko NECO, NIN da hotunan fasfo, asali da fotokofi, duk a fayil ɗaya a jere, kar a ce kawo kaza ka hau zazzage jaka. Kuma ka duba sunan kamfanin a shafin CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, tukuna, in suka ce ka tura kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin ka zo, 'yan damfara ne.

Sadauki_KD:
Maganar kaya, in ma'aikatar gwamnati ce kaftani mai guga da hula ya wadatar, amma kamfani ni dai na fi so ka sa farar shat da baƙin wando da takalmi mai rufi, ba sai ka ci bashin kwat ba. Albashi kuma don Allah kar ka ce duk abin da kuka ba ni, za su raina ka. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 tun 2024, alawus ɗin masu bautar ƙasa ma ya kai 77,000, ka lissafa haya da kuɗin mota a Abuja, ka fara tambayarsu nawa suka ware wa kujerar kafin ka faɗi naka.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti ba su nemi ko sisi ba, amma zan duba CAC ɗin yau da dare. A Nyanya zan sauka gidan yayana.