Injin jirgina yana mutuwa in ya yi zafi, sai ya huce yake tashi

Ɗan_Yawuri:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin injin jirgin ruwa ku taimaka min. Ina da tsohon inji mai doki 40, irin wanda ake haɗa mishi fetur da baƙin mai, gadon babanmu ne, da shi nake jigilar mutane da kaya tsakanin Yawuri da ƙauyukan tsallake. Da safe ja ɗaya ko biyu ya tashi lafiya lau, amma da an ɗan yi tafiya ya ɗau zafi sai ya fara tari, ƙarfi ya ragu, can kuma sai ya mutu gaba ɗaya, ka yi ta jan igiya har kafaɗarka ta sage ba zai kula ka ba, in ka bar shi ya huce kuma sai ya tashi kamar ba shi ba. Na canza fulogi duka biyun, an wanke kafireto, duk a banza. Yanzu wani makanike ya ce CDI ne, wato ɗan akwatin da ke harba wuta zuwa fulogi, in kawo kuɗi a aiko da sabo daga Anacha, kuɗin kuma ba kaɗan ba. In saya ko akwai abin da zan fara dubawa?

Isiyaku_Malale:
Wa alaikumus salam. Malam kafin komai duba ɗan sukurun da ke kan murfin tanki, in a rufe yake ko datti ya toshe shi iska ba ta shiga, mai zai daina zuwa kuma haka zai dinga yi maka. In ya mutu taɓa robar nan da ake matsawa a jikin tiyo, in ka ga ta lotse to matsalar mai ce ba wuta ba.

Baban_Gareji_Baga:
Ɗana kar ka sayi komai tukuna. Wanda ya ce maka CDI ne ya gwada injin yana da zafi ko kuwa a bakin ruwa ya same shi a sanyaye? Don in a sanyaye ne babu abin da ya gani, ai kai da bakinka ka ce lokacin lafiyarshi ƙalau. Irin wannan ciwon a lokacin da ya tashi ake kama shi.

Ga yadda za ka yi. Ɗaure jirgin kusa da gaɓa, ba fasinja, ka bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kanshi. Nan take ka kwance fulogi ɗaya, ka mayar da shi cikin hularshi, ka jingina ƙarfenshi a jikin inji nesa da ramin da ya fito, wani ya ja maka igiya kai kuma ka kalla. A inuwa za ka yi ko ka kare da hula don rana ba ta bari a ga wutar. Wuta mai lafiya shuɗiya ce kuma za ka ji tana ƙyas ƙyas, in ja-ja ce siririya to ta gaji, a waje za ta nuna maka tana nan amma cikin silinda inda iska take a matse ba za ta iya tsallakawa ba. Sai ka yi wa ɗayan haka. Kuma kar ka kuskura ka ja igiya wayar fulogi tana lilo ba ta taɓa komai ba, a haka mutane ke ƙona koyil, wato naɗin wayar da ke ƙara ƙarfin wuta, da CDI ɗin da ba abin da ya same shi. Ka nisanta tanki, in fetur ya zuba a gindin inji a goge tukuna.

To in ɗaya na da wuta ɗaya babu, laifin yana layin wannan silindar ne: hular fulogi, wayar, ko koyil ɗinshi. In koyil biyu gare shi musanya su, in matsalar ta bi koyil ta koma ɗaya ɓangaren ka kama ɓarawonka. In kuwa duka biyun ne suka ɗauke lokaci guda, abin da suke tarayya a kai za ka nema. Fara da na banza, wato makashin inji, maɓallin nan mai jar igiya, ruwa da tsatsa na shiga cikinshi ya dinga kashe wuta ba wanda ya taɓa shi. In Yamaha ne farar waya ce, zare ta daga mahaɗinta ka ja, in wuta ta dawo shi ne. Ka dai sani in ya tashi a haka maɓallin ba zai kashe shi ba, sai ka ja cok ko ka cire tiyon mai.

Ni dai inda zuciyata ta fi kwanciya shi ne cajin koyil da ke ƙarƙashin filawil, wato faifan ƙarfen saman inji da igiya ke juyawa, shi ke haifar da wutar da CDI ke tarawa ya harba. Siririyar wayar tagulla ce aka naɗe, in ta tsufa ta tsage a ciki, da sanyi bakin biyu na haɗe, da ta ji zafi ta buɗe sai su rabu. Mai mita ya auna maka shi da sanyi ya sake aunawa da zafi, in lambar ta ɓace ko ta yi tsalle sosai magana ta ƙare. Shi ma falsa koyil mai ba da lokacin harbawa haka yake yi. CDI na ƙarshe ake zargi, bayan duk waɗannan sun fita.

Alhassan_Yeji:
Gaisuwa daga Gana. Mu nan tafkin Volta kututture ya yi yawa a ƙarƙashin ruwa, in farfela ta daki ɗaya da ƙarfi ɗan makullin da ke riƙe filawil a mazauninshi kan karye, taimin wato lokacin harba wuta ya goce. A duba wannan ma.

Baban_Gareji_Baga:
Alhassan gaskiyarka ana samun haka, amma makulli in ya karye bai san zafi da sanyi ba, tun da safe zai ƙi tashi ko ya dinga fizge igiya daga hannu. Tunda dai za a cire filawil ɗin a duba ba laifi. Da fula, wato ƙarfen zaro filawil, za a cire fa, kar a bari yaro ya sa guduma, maganaɗisun ciki ba ya son duka.

Ɗan_Yawuri:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma. Isiyaku na duba tanki lafiya yake, robar ma a cike. Yau na yi gwajin, da ya mutu duka biyun babu wuta ko ɗigo, na zare wayar makashin ma shiru. Sai dai na lura ruwan da yake fitarwa ta baya ya ragu sosai ba kamar da ba, kan injin kuma ba ya taɓuwa don zafi. Wannan na da alaƙa?

Baban_Gareji_Baga:
Sosai ma. Zura siririyar waya a ɗan ramin da ruwan ke fita ko yashi ne ya toshe, in bai ƙaru ba robar famfon ruwa da ke cikin ƙafar inji ta cinye, a canza ta. Zafin nan shi ke dafa koyil, in ka sa sabo ba ka gyara ruwa ba shi ma zai bi ɗan'uwanshi, gaba kuma fistin ne zai kama. A fara da famfo, sannan a auna cajin koyil da zafi ka turo min lambar da mita ta nuna da lambar da ke jikin injin. Kafin nan kar ka ɗauki mutane ka shiga tsakiyar Kainji da shi, ka san iskar yamma a wannan ruwan.