Maganin farin haƙori yana lalata ciko?

Maman Ilham, Tudun Wada: Salamu alaikum. Mai ciko a haƙoran gaba zai iya shafa maganin sa haƙori fari? An ce yana laushe cikon.

Likitan Haƙori, Kawo: Wa alaikumussalam Hajiya. Ya danganta da irin cikon. Sinadarin feroksaid ne ke aikin: na asibiti yakan kai kashi 35 cikin ɗari, na gida kuwa wani nau'in feroksaid ne da ake kira kabamaid, mai kashi 10 zuwa 16. Farin ciko na kwamfosit samansa ne kawai ke ɗan yin laushi da kaushi, likita ya goge ya koma sumul. Wani irin cikon da ake kira gilas-ayonoma ya fi jin jiki. Amma cikon ba ya yin fari, haƙori ne zai haskaka ya bar shi rawaya, sai an canza.

Malam Na-Barnawa: Kuma kada a sa sabon ciko nan take bayan an gama amfani da maganin, a jira mako 2. Iskar oksijin da ta rage a haƙori tana hana shi kamawa, gefensa ya riƙa ɗagawa.

Anti Nas: Gawayi da lemun tsami fa ki ƙyale su, Hajiya. Kankare cikon suke yi, shayi da goro su samu wurin zama.