Shawarwari kan karanta zaɓuɓɓukan layin umarni a Haskell

Da aka tattauna yadda shirin da aka rubuta da Haskell, wani harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, zai karanta zaɓuɓɓukan layin umarni, wato abin da ake rubutawa bayan sunan shiri yayin kiran sa, kusan kowa ya yarda cewa getArgs, aikin da ke karɓo waɗannan kalmomi, ya wadatar ga ƙaramin shiri mai karɓar sunan fayil ɗaya, domin jerin kalmomi kawai yake dawowa da shi. Wasu sun ambaci System.Console.GetOpt, tunda yana cikin base, kunshin asali da ke zuwa tare da Haskell, ba sai an sauke komai ba, sai dai marubucin ne zai tattara sakamakon da kansa.

Mafi yawa sun karkata ga optparse-applicative, wani kunshi da ake saukewa daban don wannan aiki, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ana fara ayyana nau'in bayanai mai ɗauke da dukkan saituna, sannan a haɗa ƙananan masu karantawa ɗaya bayan ɗaya, ta yadda idan aka sa rubutu a gurbin lamba wajen haɗawar, GHC, manhajar da ke fassara Haskell zuwa harshen na'ura, zai ƙi shirin tun kafin a gudanar da shi. Daga wannan bayani guda ake samun saƙon --help, ana kuma iya tsara ƙananan umarnai irin na manhajar git, misali git commit. An ja kunne cewa a kammala karatun cikin main, wato inda shirin ke farawa, sauran shirin ya karɓi saituna tantatattu kawai.