Tantance makullin sa hannu a rumbun manhajojin Debian da Ubuntu

Makullin sa hannu shi ne ke tabbatar da cewa manhaja daga rumbunta na gaskiya ta fito. Masu kula da sabar Linux sukan ja kunne kan gajeriyar lambar makulli mai haruffa 8. Bit 32 ce kawai, kuma tun 2014 wani aikin binciken tsaro mai suna Evil32 ya nuna cewa cikin 'yan daƙiƙoƙi za a iya ƙirƙiro makullin bogi mai lamba iri ɗaya. Don haka a duba cikakken zanen yatsan makullin, wato doguwar lambar shaidarsa mai haruffa 40, da umarnin gpg --show-keys, sannan a gwada shi da wanda aka samo ta wata hanya dabam. In daga shafi ɗaya aka ɗauko makulli da zanen yatsansa, ba a tantance komai ba, domin wanda ya kutsa shafin zai sauya duka biyun.

Sai apt-key, umarnin ƙara makulli ga apt (manhajar girka manhajoji a Debian da Ubuntu), wanda aka daina amfani da shi. Aibinsa shi ne duk makullin da ya shiga fayil ɗin trusted.gpg, apt na yarda da shi ga kowane rumbu, har ƙaramin rumbun wani kamfani ya iya sa hannu a madadin na Debian. Zuba makullin a jakar trusted.gpg.d bai gyara wannan ba. A ajiye shi a /etc/apt/keyrings, a ɗaure shi da rumbunsa kaɗai ta zaɓin signed-by a saitin rumbun.

Wasu kan rubuta trusted=yes a saitin rumbu idan wa'adin makulli ya ƙare. Ganganci ne, kashe binciken ne gaba ɗaya; a sauko da sabon makullin. Masu Fedora, wani nau'in Linux dabam, su lura cewa saitin gpgcheck=1 fakitin manhaja kawai yake dubawa, bayanan rumbun kuwa sai an kunna repo_gpgcheck=1.