Musayar waƙa: wa ya kayar da yaran nan?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. A jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a ta 2025, yara sama da miliyan 1.9 suka zauna, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Abin ya tsaya mini a rai. Ga baitocina, amsa-amon "wa" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Bismillahi da shi nake farawa,
Sarkin da ke ba da ilmi da ganewa,
Yau zan yi kuka a kan jarrabawa,
Ku taya ni, na kasa daurewa.

A zamaninmu in an ce ka ci,
Ka sha bulala, ka sha ɗaci,
Ba ka da hanya sai dai naci,
Kai da acibalbal har wayewa.

Yau yaro zai zo da kiredit tara,
Wasiƙa ya rasa ta inda zai fara,
In ya rubuta, layi duk gyara,
To wa ya ba shi, in ba a sayarwa?

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. A yi mini afuwa, zan ɗan ja da ku.

Baba, kun faɗi gaskiya ba musu,
Amma ku zo ajinmu ku gan su,
Sun fi ɗari, a ƙasa zamansu,
Allin ma ni nake sayowa.

Littafi guda, mutum bakwai a kai,
Iska ta yaye kwano, rana a kai,
In damina ta zo ina za mu kai?
Hadari na haɗuwa muna watsewa.

Ya kai aji shida bai haɗa baƙi ba,
Ba a bar shi ya maimaita aji ba,
Sakandare ma ba ta gyara shi ba,
Sannan a ce WAEC ce mai kayarwa.

Sifeto Mai Ritaya:
Malama, kin tsallake wani wuri. A 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 na Kaduna gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75.

Malama, ban ƙi batun alli ba,
Amma Kaduna ba mu manta ba,
Tambayar ba ta fi ta yara wuya ba,
Masu koyarwar ne ke faɗuwa.

Mai babban maki ya nufi likita,
Na biye da shi lauya zai fita,
Na can ƙasa a ce ya je malanta,
Shi za a ba 'ya'yanmu koyarwa.

Ku duba ma makin da aka tsayar a 2025: jami'a 150, kwalejin ilimi 100. Ɗaya bisa huɗu ke nan, da shi mutum zai shiga neman NCE, wato takardar shaidar malanta.

Malamar Firamare:
Yallaɓai, to wa ya ɗauke su?
Ba ɗan siyasa ya kawo sunansu?
Ku sifetoci kun sa hannu a fayil ɗinsu,
Yau kuma ku ne masu tuhumawa.

Ɗan Aji Shida:
Iyayena, ina gaisuwa. Ni ɗan aji shida ne na sakandare, sabon shiga a waƙa, amma a kanmu aka yi abin a jarrabawar WAEC ta kammala sakandare ta 2025, shi ya sa na sa baki.

Iyayena ku ba ni dama in ce,
Mu abin ya faɗa wa, ba zance,
Ran Turanci mun jira har maraice,
Da tocila da kyandir muke amsawa.

An ce takardar ce ta fita,
Masu kuɗi sun kwana da ita,
Mu da ido bai taɓa ganin ta,
Mu aka kwana ana wahalarwa.

Sakamako ya fito ana salati,
Ba a ma kai ga cika sati,
Suka ce an yi kuskure a Turanci,
Kowa ya koma ya sake dubawa.

Da farko WAEC ta ce kashi 38.32 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce kashi 62.96 ne. JAMB ma ta amsa cewa na'urorinta sun cuci yara 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, har shugabanta na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zub da hawaye gaban 'yan jarida, aka sake musu jarrabawa. To Baba, da wanne za a auna mu?

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, "sati" da "Turanci" ba su hau layi ɗaya ba, amma na yafe maka, maganarka ta fi amon nauyi. Fitar takarda kuwa ba yau ta fara ba, a 1977 ma an yi, har aka kafa kwamitin bincike. Dokar hukunta maguɗin jarrabawa tun 1999 take a rubuce. Wa ka taɓa ji an ɗaure a unguwarku?

Hajiya Uwar Biyar:
Tun ɗazu nake karantawa ina jira a taɓo mu iyaye, na ga kowa na kewayewa. Bari in taɓo da kaina.

Ɗana, Allah ya ba ka sa'a,
Ni zan taɓo iyaye, jama'a,
Mu muka mai da satar amsa sana'a,
Mu ke biya, mu ke ɓoyewa.

Yaro a birni ya yi karatu,
Rajista sai ƙauye lokacin hutu,
Can ne ake cika allo da rubutu,
Mai sa ido na waje, kuɗi yake ƙirgawa.

A ce da kai kawo kuɗin taimako,
Uba ya sai da buhu, ya miƙo,
In ka ƙi, a ce ba ka son sakamako,
Dangi ma su ce kai ne mai cutarwa.

Tawa na hana, ta faɗi Lissafi,
Ta maƙwabta an biya, ta haye da ƙarfi,
Yau tana jami'a riƙe da littafi,
Ku gaya mini, me zan ce wa tawa?

Sifeto Mai Ritaya:
Hajiya, wannan baitin naki ya ɗaure ni. Na ɗauki biro na ajiye.

Tsohon Hedimasta:
Hajiya, tambayarki ta fi ƙarfina,
Ba ni da amsa, sai dai allona,
Asabar da Lahadi ina gidana,
Turo ta mu yi ta maimaitawa.

Ta zo da tsofaffin tambayoyin NECO da WAEC na shekarun baya, in akwai su. Kai ma ɗan aji shida ka biyo ta, mu gyara lissafi mu gyara amsa-amo.

Malamar Firamare:
Allah ya saka da alheri Baba. Amma Yallaɓai sifeto, kun amsa wa Hajiya kun tsallake ni. Batun fayil ɗin nan fa ina nan ina jira, kuma da baiti nake so.