Shin matsalar tayirod na iya jawo ciwon damuwa?

Malama daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Da gaske ne ƙwayar nan ta wuya, wato tayirod, mai kumbura ta zama maƙoƙo, tana taɓa yanayin zuciya?

Ma'aikacin lafiya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malama. Ƙwarai kuwa. Idan sinadarinta ya yi ƙaranci, sai kasala, baƙin ciki, mantuwa, jin sanyi da ƙiba. Idan ya yi yawa, sai fargaba, bugun zuciya, gumi, rawar hannu da rama. A yi gwajin jini na TSH da T4, masu nuna yadda ƙwayar ke aiki. Akwai shi a asibitin koyarwa na Shika. TSH tsakanin 0.4 da 4.0 ne aka fi ɗauka daidai.

Mai harhaɗa magunguna, Samaru:
Inda ake kuskure shi ne yadda ake shan levothyroxine, maganin ƙarancin sinadarin tayirod. Da ruwa zalla ake sha, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, ba da koko ba. Maganin ƙarin jini ko kalsiyam sai bayan awa 4, don suna hana hanji tsotsar levothyroxine. Ana sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8.

Ungozoma, Kofar Doka:
Mai jego ma idan ta shiga damuwa a gwada ta, kada a ce iskokai ne.