A ina zan samu kube a Jos?

Mai tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Ina da wuƙar fiɗa ƙirar maƙera, gadon mahaifina ce, ruwanta ya kai taƙi guda. Kubenta ya zagwanye, yanzu da tsumma nake naɗe ta. Na zaga Taminus, duk na roba nake gani. Wa ya san baduku?

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam. Malam, leƙa kasuwar Katako ka tambayi dukawa. Ka tafi da wuƙar, don a kanta ake aunawa.

Tsohon baduku:
Ɗana, ka ce kirgin sa kake so, jimar bagaruwa. Fatar akuya ta yi laushi, tsinin zai huda ta. Abin da yaran yanzu ke tsallakewa: a sa siririyar fata tsakanin ɓari biyun, ta gefen kaifi, sannan a ɗinke da basilla. In babu ita, kaifin zai cinye zaren kafin layya ta zagayo. A jiƙa fatar, a matse ta a jikin wuƙar, ta bushe a inuwa.

Mai tsire:
Baba ya gama magana. Amma damunar Jos sai a hankali, fata na riƙe danshi. Shafa wa wuƙar mai, kada ta kwana cikin kube da jini, za ta yi tsatsa.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Asabar zan shiga Katako in sha Allahu.